Farfesa Asali da Ƙwan Agwagwa

Unguwar da Allah ya so da rahama yakan ba ta rijiya mai daɗin ruwa, ko likita mai sauƙin hannu. Tamu da ya fi so, sai ya ba ta Farfesa Asali.

Mutum ne da ba zai bar ka ka kunna fitila a jahilce ba. Kafin yatsanka ya kai bango ya riƙe maka hannu, ya shaida maka cewa abin da kake shirin dannawa Bature na ce masa suwic, kuma a tsohon Turanci suwic tsumagiya ce, siririyar sanda ta kaɗa doki. Za ka tsaya cikin duhu na minti ashirin, amma duhu ne na mai ilimi, wanda ya fi hasken jahili nesa ba kusa ba.

Ba jami'a ce ta ba shi farfesancin ba. Jami'o'i suna da jinkiri, shi kuwa ba ya son wahalar da mutane, sai ya ɗauke musu nauyin ya ba kansa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani kantin littattafai yana hawa tsani yana kakkaɓe ƙura. Ranar da ya yi ritaya mai kantin ya rasa abin sallama, ya leƙa bayan kanta ya zaro wani ƙaton littafi na asalin kalmomin Turanci, wanda yoyon rufi ya daɗe yana shayar da shi. Shafukan gaba sun manne kamar an dafa su. Na baya gara ta yi walima da su. Babi ɗaya ne ya tsira a tsakiya, shafi arba'in, mai bayani kan kalmomin ƙarfi da motsi da canji. Wannan babin Farfesa ya haddace, kuma a kansa ya gina duniyarsa. In ka tambaye shi asalin kalmar da Bature ke kiran burodi da ita, sai ya ɗaga haɓa ya ce ba ya sauka zuwa ƙananan al'amura.

A bangon littafin akwai ragowar hoton wani tsoho cikin baƙin kwat na ulu. Farfesa ya fahimci cewa haka masana ke shiga. Ya sayi irinsa, mai nauyi, har gwiwa, ya kai wa telan unguwa ya ɗinka masa aljihu ashirin da biyu ta ciki. Kowane aljihu da katinsa, kowane kati da kalmarsa da asalinta. Ko ranar da kwalta ke narkewa ba ya tuɓe shi. Gumi na bin sajensa yana ɗiga a takalmi, shi kuwa yana cewa zufar tunani ce.

Matarsa ta taɓa roƙonsa ya canza kwat ɗin ko na yini ɗaya ne, ta samu ta wanke. Ya zaro kati daga aljihu na tara.

"Canji kika ce? Kin san daga ina Bature ya samo shi? Daga Latin, kuma can asalinsa musaya ne, ka ba ni in ba ka. In na ba ki kwat, me za ki ba ni?"

"Iska, Malam," in ji ta. "Da ni da kai da maƙwabta duk za mu samu."

Bai ga wannan a littafi ba, saboda haka bai karɓa ba.

Wata rana motar hayar da ya shiga ta mutu a gindin tudu. Fasinjoji suka sauka turi, har da wata tsohuwa mai kwandon kayan miya. Farfesa ya zauna daram a kujerarsa ya leƙo ta taga.

"Jama'a, ku saurara. Mota a Latin tana nufin mai motsarwa. Yanzu ku ne ke motsarwa, ita kuwa ana motsa ta. Ke nan a ilmance ku ne motar. Ina taya ku murna."

Suka tura shi har kan tudu tare da ilminsa, wanda a ranar suka gane yana da nauyi ƙwarai.

Abu ɗaya ne a gidan ba ya shiri da shi, shi ne famfon tsakar gida. Littafin ya ce masana ba su tabbatar da asalin sunan ba. Tun daga ranar Farfesa ya daina gaisawa da shi. Yakan sha ruwansa, domin ba shi da girman kai, amma in ya zo wucewa sai ya kau da fuska, kamar mai wuce wanda ba a san iyayensa ba.

Matar nan tasa, wadda yake kira ɗalibarsa ta farko ko da yake ba ta taɓa yin rajista ba, shekara ashirin da shida ta yi tana ɗinki. Da idonta ya fara kasa ganin kafar allura, sai ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi akwatin ƙyanƙyasa mai aiki da lantarki, da wani ɗan tsohon janareto saboda ranar ɗauke wuta, da ƙwan agwagwa talatin. Ta ajiye akwatin a ɗan ɗakin da keken yake da. Kowane ƙwai ta yi masa ɗigo da fensir a gefe ɗaya, don ta san wanda ta juya da wanda ba ta juya ba. Safe da yamma tana juya su, tana yayyafa musu ruwa da yatsu, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Wata guda da ɗoriya tana wannan hidima. In ƙwan nan suka lalace, ba keke, ba agwagi, sai Farfesa.

Shi ma bai zauna haka nan ba. Ganin an kawo injuna gidansa ba tare da an gabatar da su ba, ana gobe ƙyanƙyasa ya ɗaura aniyar wayar musu da kai. Ya ɗauko kati da salatif ya durƙusa gaban janareto. A jikinsa ya manna: inji, daga Latin, hazaƙar da aka haifi mutum da ita. A gefe: janareto, mai haifarwa. A kan batir: daga Faransanci, duka. Katin ƙarshe, wanda ya fi alfahari da rubutunsa, ya ce: fetur, man dutse. Wannan ya ɗora shi a kan murfin tankin mai, ya naɗe da salatif ninki biyar, ya bi gefe-gefe da babban yatsa ya danne, don kada iska ta sami ko ƙofar allura ta shiga ta ɗauke ilimi.

Washegari da hantsi aka ɗauke wuta.

Matar ta fito da gudu ta tayar da janareto. Ya tashi lafiya lau. Ya yi minti goma yana ruri, sai ya fara tari, ya yi shaƙuwa sau biyu, ya yi shiru. Ta sake tayarwa. Wannan karon minti uku ya yi. Ta leƙa ma'aunin mai, tanki cike.

Farfesa ya fito daga ɗaki yana gyara wuyan kwat, da fuskar likitan da aka daɗe ana jira.

"Matsa gefe. Ciwon da ba a san sunansa ba ba a yi masa magani. Wannan da kike gani batir ne. Asalinsa duka. Da shi ake kiran jerin igwa masu dukan ganuwar gari, daga baya aka ara wa jerin kwalabe masu ajiye lantarki. Lantarkin kansa sunan wani daskararren ƙaro ne a bakin Girkawa, wanda in an goga shi yake jan gashin tsuntsu. To abin da aka haifa da duka, kin taɓa dukansa?"

"Malam, ƙwaina na hucewa."

"Miƙo ludayi."

Ya buga wa batir ludayi sau uku, a hankali, cikin girmamawa. Aka tayar, janareto ya kama. Farfesa ya juya ya ɗan rusuna wa igiyar shanya, inda a ransa 'yan kallo suke. Bai gama ɗagowa ba inji ya yi tari ya mutu.

"Ya ji," in ji shi. "Bai gama fahimta ba ne. Sai an maimaita."

Matar ta shiga ɗaki ta ɗauko waya ta kira ƙaninta. Ƙanin nan nata bakanike ne, mai furfura a gemu, hannunsa bai taɓa fita tas ba tun yana saurayi. Ya ce yana kwance ƙarƙashin wata babbar mota a ɗaya ƙarshen gari, ya riga ya sauke mata ciki, ba zai iso ba sai wajen ƙarfe ɗaya.

"Shi kika kira?" in ji Farfesa. "Mutumin da ya shekara talatin yana taɓa inji bai san inji na nufin hazaƙa ba?"

Ta buɗe akwatin ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a fatar idonta. Ɗumin ya fara ja da baya. Ta kara a kunne. Can ciki wani abu yana ƙwanƙwasawa, yana ɗan kuka siriri kamar na ƙofar da ke son mai. Guda shida ma sun riga sun tsaga ɓawo. Awa uku cikin sanyi, ta san abin da za ta tarar.

Ta duba kicin, ta duba bargo, ta duba tukunyar ruwan zafi da ta san za ta dafa su ne ba ta ɗumama ba. Sannan ta juyo ta dubi mijinta. Yana tsaye a bakin ƙofa cikin ulu, fuska na sheƙi, tururi na tashi daga wuyan kwat kamar an buɗe tukunya. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ba ta yi masa ba tun suna amarci.

"Malam, wannan kalmar da kake yawan faɗa, ta aljihun ƙirji."

Fuskarsa ta washe. Shekara da shekaru yana jiran ranar da ɗalibarsa za ta yi tambaya.

"Enaji. Daga Girkanci. Ma'anarta aiki a ciki."

"Kana da ita?"

"Ni? Cike nake da ita."

"To kwanta."

Kafin ya nemo katin da ya dace da wannan umarni, ta shimfiɗa katifa a ɗakin ƙyanƙyasa ta kwantar da shi rigingine. Ta zazzage aljihunan nan kaf, katunan da suka rage suka zube cikin kwanon wanke-wanke. Ta bi aljihu ashirin da biyu ɗaya bayan ɗaya tana saka ƙwai. Saura takwas. Biyu a kowace hammata, uku a kan cibiya cikin tawul mai ɗan laima, na ƙarshe a cikin hularsa, ta mayar masa a ka. Ta ɓalla maɓallan kwat har wuya.

"A tarihin ilimi," ya fara, hannunsa na dama na ɗagowa.

"Sauke hannun. In ka yi magana hannunka na tashi, cikinka na rawa. Malam, don girman Allah, yau ɗaya. Kekena ne a jikinka."

Ya buɗe baki, ya dubi idonta, ya rufe. Duk abin da za a ce game da Farfesa, bai taɓa son ganin hawayen matar nan ba.

Haka unguwarmu ta sami abin da ba ta samu ba tun ranar ritayarsa: shiru. Shirun ya yi yawa har ya tayar wa mutane hankali. Mai aski ya bar shagonsa ya zo tambayar ko lafiya. Tela ya biyo shi. Suka tsaya a bakin ƙofar ɗakin suna kallon masanin unguwa kwance sambal, ido a rufi, ciki tudu-tudu kamar buhun albasa.

"Kun ga ɗinki," in ji tela. "Ko ɗaya bai yage ba. Dama tun ranar na ce aljihunan nan girman ƙwai ne."

Mai aski kuwa yana da tsohon miki. Farfesa ya taɓa tsare shi da bayanin daskararren ƙaro har wani ango ya tashi da rabin aski ya tafi. Ya jawo kujera ya zauna daidai kan Farfesa.

"Sannu da kwanci, ranka ya daɗe. Ka huta, yau mu za mu yi darasin. Tela, ka san asalin batir? Sunan wani gari ne a bakin teku. Can ake haƙo shi, kamar dankali."

"Haka ne," in ji tela. "Ni kuma na ji fetur sunan matar wanda ya ƙera mota ne."

Jijiyar goshin Farfesa ta miƙe. Hawaye ɗaya ya gangaro ya shige kunnensa. Amsar tana nan a bakinsa, da shafinta da layinta, ga kuma matarsa tsugune a gefe da hannu a kan ƙirjinsa.

"Dainamon fitilar keke kuwa," mai aski ya ci gaba, "irin kifi ne."

Wani ɗan sauti ya fito daga hammatar hagu, ƙas. Ƙwai ɗaya ya yi shahada a fagen ilimi. Matar ta kori baƙin da tsintsiya, ta dawo ta share wa mijinta gumi da gefen zaninta. Ya motsa leɓe ba sauti. Ta sunkuya ta karanta: iko, daga Girkanci.

"Na ji, Malam. Iko. Yi shiru."

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci bakanike ya iso da jakar kayan aiki. Ya leƙa ɗakin, ya dubi mijin yayarsa daga hula har takalmi.

"Yaya, ashe kin samo babbar kaza. Nawa take sha a awa?"

"Bar tsokana ka je ka duba mini inji."

Ya tayar da janareto ya tsuguna yana saurare, kai a karkace. Da tarin ya fara, sai ya kai hannu ya ɗan sassauta murfin tanki. Aka ji iska ta shige, fuu, inji ya ja numfashi ya koma ruri kamar ba shi ba. Bakanike ya ciro murfin, ya sa farce ya ɓare salatif ninki biyar, ya ɗauko katin ya shigo da su ɗakin.

"Mijin Yaya, wa ya rufe wannan?"

Farfesa ya kafe rufi da ido.

"Ka ga wannan ɗan ramin a tsakiyar murfi? Hancinsa ne. In mai na sauka, iska ke shiga ta nan ta maye gurbinsa. Ka toshe, mai ya tsaya. Shi ke nan ciwon." Ya juya katin yana karantawa da ƙyar. "Man dutse. To madalla. Rubutun dai ya yi kyau."

Ya manna katin a goshin Farfesa, tunda nan ne kawai wurin da ba ƙwai, ya tafi wanke hannu a famfon da ba a san iyayensa ba.

Akwati ya ɗau zafi, matar ta fara kwashe ƙwai daga jikin mijinta tana mayarwa. Da ta zo aljihun ƙirji sai ta tsaya. Wani jiƙaƙƙen kai ne ya leƙo ta bakin aljihun, da baki faffaɗa da ido kamar ƙwayar barkono. Abin da ɗan agwagwar nan ya fara gani a duniya shi ne haɓar Farfesa Asali da kati a goshi. Kafin yamma wasu huɗu suka fito a jikinsa, uku daga cikin kwat ɗin, ɗaya daga ƙarƙashin hula. Sauran suka ƙyanƙyashe a akwati cikin kwana biyu. Cikin talatin, ashirin da bakwai suka rayu. Matar ta zauna a ƙasa tana ƙirga su tana sakewa, tana dariya tana share ido.

Biyar ɗin nan da suka fito a jikinsa ba su yarda da wata uwa ba sai shi. In ya nufi shagon aski suna bayansa a jere. In ya tsaya sun tsaya. In ya shiga wanka sai su taru a bakin ƙofa suna kuka har ya fito. Da fari ya so ya ji kunya, amma babban mutum ba ya daɗewa a cikinta. Kwana uku ya sake fahimtar abin da ya faru, ya fito da bayani.

"Gwaji ne na shirya," ya shaida wa masu zaman benci. "Janareto a Latin mai haifarwa ne. Na dakatar da na ƙarfe da gangan don in nuna wa duniya inda ainihin ma'anar take. Ga sakamako nan a bayana."

Sakamako ya ce kwak.

Yanzu kullum da safe yakan zauna a tsakar gida ya buɗe shafi arba'in ɗinsa, ɗalibai biyar na gabansa. Ba sa duba agogo, ba sa tuna wani aiki da suka bari a wuta. In ya ce Latin su karkata kai. Ya ce a shekarunsa na koyarwa bai taɓa samun aji mai natsuwa irin wannan ba, kuma a nan kam ba wanda ya musa masa.

Labari ya zaga gari, ya tsallaka har unguwannin da ba su san shi ba. Ranar Asabar da safe matarsa ta shigo ta ce masa akwai mutane a ƙofar gida, sun kai goma sha biyar, kuma shi suke nema.

Farfesa ya miƙe a hankali. Ya san ranar nan za ta zo. Ya ɓalla maɓallan kwat, ya mayar da katuna aljihunsu, ya rungumi littafin, ya yi gyaran murya sau biyu a zaure. Ya buɗe ƙofa, agwagi biyar a bayansa.

Layi ne har kwana, maza da mata, kowa a natse. Ya ɗaga hannu zai fara da Girkawa, sai wata dattijuwa da ke kan gaba ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta yaye ƙyallen da ta rufe kwandonta da shi.

"Allah ya ƙara ilimi, Malam. Nawa ƙwan kaza ne, guda goma sha takwas, uwarsu ta gudu ta bar su. Yaushe za ka samu sarari ka kwanta?"